Gurbin Baba Elroy

Curtis na janye da keken kayansu a kan ƙanƙarar da ta rufe tafkin, surukinsa Baba Elroy na biye da sanda, sai suka ɓullo ta bayan tsibirin suka ga tantuna. Curtis ya ƙirga har ashirin da uku, ya daina. Motoci ma sun shigo, don kaurin ƙanƙarar ya kai inci goma sha shida. Injinan huda ramin fatsa a ƙanƙara sai kuka suke ta ko'ina, kamar ranar kasuwa.

Gaban Curtis ya faɗi. Shekara arba'in tsohon nan yana ɓoye wannan gurbi na Tafkin Mudgett, inda faffaɗan kifin suya suke taruwa idan sanyi ya kai tsakiya, kowanne ya fi tafin hannu. Mota nesa ake barinta a tako da ƙafa. In za a tashi a tura dusar ƙanƙara a rufe ramukan. In mai shagon tsutsar fatsa ya tambaya, a ce ba a kama komai ba. Mutum biyu kaɗai ya taɓa nuna wa wurin: abokinsa Norbert, sai Curtis, shi ma sai da ya shekara tara da auren 'yarsa Jolene.

Ran Lahadin da ta wuce kuwa Curtis ya sa hotonsa a dandalin masunta na waya, yana riƙe da kifi, baki har kunne. Bai rubuta sunan tafkin ba, yana ganin shi mai wayo ne. Ya manta da karkatacciyar bishiyar nan ta tsibirin da ta fito a bayansa, wadda kowane mai fatsa a yankin ya sani.

"Norbert ne ya tona," in ji Baba Elroy. "Bakinsa ba ya riƙe magana. Kofin shayi ɗaya za ka saya masa ya faɗa maka har ranar da aka haife shi."

"Baba, wataƙila wani ne ya bi sawunmu."

"Sawun wa? Ni ake bin sawuna?"

Ga Norbert kuwa can a zaune kan bokitinsa a fili, babu tanti, da hular nan tasa mai kunnuwa. Da ya hango su ya ɗaga hannu.

"Tsoho, ka makara. Ko gwiwar ce ta ƙi tashi?"

Baba Elroy ya tsaya a kansa, mutane na ji. "Shekara hamsin ina zaune da kai, ashe da lasifika nake zaune. Daga yau kada ka ƙara taka ƙofar gidana. Miyar kifin Juma'a ma ka nemi inda za ka sha."

Norbert ya dube shi, ya dubi Curtis, ya mai da ido kan raminsa.

Curtis ya kafa tanti, ya huda ramuka biyu, ya kwashe ɓarɓashin ƙanƙara da ludayi, ya kunna murhun gas. Bai taɓa yi wa surukinsa aiki da rawar jiki irin na yau ba, har tsutsa shi ya sa masa a ƙugiya. Suka zauna awa biyu, abin da suka kama uku ne, ƙanana, suka mayar. A waje ana ta cika bokitai da manyan. Kowa ya san ƙaramin tafki ne, sati biyu a haka za a share shi, kafin manyan su dawo kuma sai an yi shekaru. Baba Elroy yana da shekara saba'in da takwas.

"Babana ya nuna mini nan," tsohon ya ce, idonsa a kan zaren fatsa. "Kai kaɗai ka rage mini yanzu, ɗana."

Kunya ce ta kama Curtis, irin wadda ba ta barin mutum ya zauna wuri ɗaya. Ya ce zai je ya miƙe ƙafa.

Ya samu Norbert yana cin burodi da tsiran alade, gemunsa ya yi fari da ƙanƙara.

"Zo nan, mai hoto," in ji Norbert. "Ka yi kyau a ciki. Bishiyar ma ta yi kyau."

Curtis ya tsuguna. "Kawu, ashe ka gani."

"Jikata ta nuna mini. Ni ban iya wayar ba, amma bishiya na iya ta."

"To me ya sa ba ka faɗa masa ba?"

"In faɗa masa me? Ni da shi mun yi faɗa ya fi sau hamsin. Ya taɓa yin damina guda bai yi mini magana ba a kan kwale-kwale. Kai kuwa in ya yi fushi da kai, Jolene ce za ta tsaya a tsakiya." Ya ɗan girgiza zaren fatsarsa. "Ka bar shi haka. Zuwa narkewar ƙanƙara ya huce."

"In bai huce ba fa?"

Norbert ya ɗaga kafaɗa. Tun da matarsa ta rasu, gidan Elroy ne kaɗai inda yake cin abinci tare da mutane. Curtis ya san haka, don shi yake mai da shi gida kowace Juma'a.

"Tashi ka koma, za ka kore mini kifi da wannan fuskar," in ji Norbert.

Tsakaninsa da tantin bai fi taku sittin ba, amma sai da Curtis ya tsaya sau biyu. An ba shi hanyar tsira a kyauta, abin da ake nema a gare shi kawai ya yi shiru. Ya zuge ƙofar tantin, ya durƙusa, ya cire safar hannu da haƙori, ya nemo hoton a wayarsa.

"Baba, ba Kawu Norbert ba ne. Ni ne."

Tsohon ya laluba tabarau a aljihu, ya karɓi wayar. Ya daɗe yana kallo. Murhu na ta huci, zaren fatsarsa ya motsa, bai ko waiwaye shi ba.

"Wannan kifin ma ni na kama shi," ya ce.

Ya miƙa wa Curtis wayar. Ya naɗe zarensa a hankali, ya ɗauki bokitinsa da sandarsa. Curtis ya kai hannu zai riƙe masa bokitin, tsohon ya janye. Ya fita, ya bar ƙofar a buɗe, ya nufi inda Norbert ke zaune.