Eriyar da Ba a Gama Ɗaurawa Ba

Kwana biyu ke nan ba wanda ya ji ɗuriyar ƙanena. Shi da abokan aikinsa huɗu sun tafi haƙa rijiyar burtsatse can cikin daji, ambaliya ta cinye gadar da suka bi, wajen kuma ko ɗigon sabis babu. Abin da ya rage musu shi ne rediyon oba-oba na motarsu, shi kuma maganarsa ba ta isowa gari. Manajan kamfaninsu ya samo kwalekwale mai inji, amma sai gobe da safe zai iso. Ya miƙo mini rediyo a kwali, ya ce in sa a a-kori-kurata, in hau tudun bakin kogi, in gaya musu su zauna inda suke, kada kowa ya taɓa ruwan.

Mahaifiyarmu ta biyo ni har bakin ƙofa ba takalmi. "Ka ce masa ni na ce ya tsaya," in ji ta. "Ka san halinsa."

Mutum ɗaya ne ya iya ɗaura irin wannan rediyon a garin, wani dattijo mai gyaran rediyo a bayan tasha, mai sanyin jiki kamar an jiƙa shi. Ya zagaya motar sau biyu kafin ya huda rufin inda eriya za ta zauna. Daga nan ya ɗauko guntun ƙarfe ya shiga kankare fenti a bakin hudar, a hankali, yana hure ƙurar.

"Baba, don Allah kwalliya ba ta dame ni ba. Ɗaura kawai."

"Ba kwalliya ba ce, ɗana. Gindin eriya sai ya taɓa ƙarfe tsurarsa. In na bar fenti, ko tsallaken titi ba za a ji ka ba."

Na duba agogo. Ya ja waya daga batir, ya sa fis, ya bi da ita ƙarƙashin shimfiɗar ƙafa, ya ɗaure akwatin rediyon da noti kusa da giya. Ya kunna don ya ga ko wuta ta shiga, rediyon ya kama shuuu. Kafin ya hau rufin ya ce kada in taɓa abin maganar sai ya haɗa wayar eriya. Na ji shi sarai, har na ce to. Ba zan yi masa ƙarya ba.

Ina zaune a kujerar direba, sai na ji kamar murya a cikin shuuu ɗin. Har yau ban san ko akwai ta ba. Na fizgi abin maganar, na danna, na yi ta kiran ƙanena, ina maimaita saƙon, ban saki ba sai da wani ƙauri ya cika motar.

Dattijon ya sauko, ya shinshina bayan akwatin, ya kashe rediyon. Da ya zage ni da na fi jin daɗi.

"In ka danna babu eriya, ƙarfin ba shi da hanyar fita, sai ya koma ciki," ya ce. "Ka ƙona abin da ke tura magana. Ji dai rediyon zai ji, amma ba zai aika ba."

"A canja shi, Baba."

"Ba ni da irinsa. Sai jibi."

Na kira manaja. Ɗayan rediyon yana cikin motar da ta tafi ɗauko kwalekwale. Na zauna a dandamalin shagon. Dattijon ya koma rufin ya ƙarasa aikinsa tsaf, ya ɗaure eriyar, ya shafe bakin hudar da gam.

"Je ka," ya ce. "Wataƙila akwai ɗan saura a jikinsa. Ban yi maka alkawari ba."

Awa biyu na yi a hanya. Daga kan tudun kogin ya yi jajawur, ya haɗiye gonaki, yana tafe da itatuwa har da saiwarsu. Tsallaken kuwa daji ne iya ganin ido. Na kashe mota, na ƙara murya.

Eriyar dattijon ta yi aiki. Muryar ƙanena ta fito tar, kamar yana kujerar gefena, sai dai ta dushe.

"Ko akwai mai jinmu? Abincinmu ya ƙare tun jiya, batir ya kusa mutuwa. Mun ga wani waje da muke ganin za mu iya ratsawa da igiya."

Na danna. "Ni ne yayanka. Ku tsaya, kwalekwale na zuwa gobe. Mama ta ce ka tsaya."

Na saki. Shuuu.

"In akwai mai ji," ya sake cewa, "ba sai ya yi magana ba. Ya danna sau biyu kawai, za mu gane ana zuwa, mu jira."

Na danna sau biyu. Na sake. Na yi ta dannawa har babban yatsana ya ƙage, hawaye na zuba a kan sitiyari.

Na ji ya ja numfashi, ya juya yana magana da mutanensa.

"Ba kowa. Ku kwance igiyar, ni zan fara shiga."