Layin Alkamar da Bai Kamu Ba

Ranar da ta koma aiki bayan rasuwar ɗanta, abokiyar aikinta ta tare ta tun a bakin ƙofa.

"Yaya, ajiye jakar nan ki zo ki gani."

Ta bi ta zuwa ɗakin gilashi inda suke renon alkama. Kafin yaron ya kwanta ciwo, sun fesa wa shukokin ƙwayar cutar tsatsa da gangan. Yanzu ganyen duk sun yi ja sun yanƙwane, ban da layi ɗaya kusa da ƙofa, shi kore shar.

"Na gwada ruwan ganyensa," in ji abokiyar. "Sinadarin nan da alkama ke yi da kanta, mai narkar da bangon ƙwayar cutar, ya cika shi maƙil. Abin da kika daɗe kina nema ke nan!"

Ta shafa ganye ɗaya da yatsa. Ta jira ta ji wani abu a ranta, shiru.

"To, madalla," ta ce. "A ƙara musu ruwa."

Ta wuni tana wanke kwalaben gwaji, har da wankakku. Da aka tashi, ƙafafunta suka kai ta ƙofar makarantar yaron kamar kullum. Maigadi ya gane ta.

"Ya haƙuri?" ya ce, ya miƙo mata kujerarsa.

Ta zauna har yara suka watse, sannan ta yi masa godiya ta nufi tashar mota.