Abincin da Hajiya Rakiya Take Nema

Hajiya Rakiya, mahaifiyar Furera, mutuniyar ƙasar Filifin ce. Aikin jinya ya kawo ta Katsina tana budurwa, ta musulunta, ta auri Alhaji Mustapha na Ƙofar Marusa. Bayan rasuwarsa tsufa ya taɓa mata tunani. Hausarta ta fara zubewa, sai yaren garinsu ya rage mata, wanda ba ta koya wa 'ya'yanta ba.

Daga baya ta soma ƙin abinci. In an kawo tuwo sai ta kawar da kai tana cewa "bangus", wani lokaci "baboy".

Furera ta kira ƙanwar Hajiyar a waya, can ƙasarsu, suka yi magana da Turanci. Tsohuwar ta ce bangus wani farin kifi ne mai yawan ƙaya, ana jiƙa shi a ruwan khal da tafarnuwa a soya. Da aka zo kan ɗaya kalmar sai ta yi jim, sannan ta ce naman alade ne, shi uwarsu take dafa musu ranar biki.

Furera ta samu wanta Sada a zaure ta faɗa masa.

"Kada ki bari kowa ya ji wannan maganar," in ji shi.

"Yaya, ba ta san abin da take faɗa ba. Ƙuruciyarta take tunawa."

"Na sani. Amma mutane ba su sani ba."

Bangus dai babu shi a Katsina. Furera ta sayo karfasa, ta yi mata yadda aka kwatanta. Hajiya ta tsakura kaɗan ta ture kwanon.

Washegari ta samo naman rago mai kitse, ta dafa shi da ruwan khal da tafarnuwa da masoro har romon ya yi duhu. Ƙamshin ya sa Hajiya ta tashi zaune da kanta. Ta kai loma baki, ta daɗe tana taunawa.

"Ba shi ba ne," ta ce da Hausa.

Furera ta ci gaba da miƙa mata cokali, Hajiya tana karɓa tana hawaye, har ta ci kusan rabi. Daga ranar ba ta ƙara ambaton naman ba, ba ta kuma ƙara yin Hausa ba.