Littafin da Auta Za Ta Girma a Ciki

Ina tsakiyar yanka wando aka kawo min takarda daga makarantar su Auta. Na ajiye almakashi na ce shi ke nan, ta daki ɗan wani. Auta ita ce ƙaramarmu, shekararta takwas, ba jiki sai baki. Na tafi da haƙurina a shirye.

Malamar lissafi ce ta karɓe ni, wata siririya mai tabarau, ta ba ni kujerar da sai da na tokare ta da ƙafa kafin ta yarda ta tsaya. Ta ce Auta ba ta daki kowa ba. Littafin lissafin aji uku ta cinye cikin wata guda, ta ari na 'yan aji huɗu shi ma ta gama da shi, yanzu kuma zama take tana kallon silin.

"Da ita ke fara ɗaga hannu," in ji malamar. "Yanzu ta daina. Irin waɗannan yaran, in lissafi ya fita ransu, da wuya ya dawo. Shi ya sa muke son canza mata manhaja, wato tsarin karatun da za ta bi. Ga guda uku, ka duba."

Kaina ya kumbura har na ji hulata ta matse ni. Na gyara zama kamar wanda ya saba zaɓen manhaja kowace safiya.

Na farko a waya ake yin sa, kana ba da amsa yana yi maka tafi. Na ce a'a, ni kaina wayar nan ta isa ta hana ni aiki. Na biyu littafin 'yan aji shida ne. Na uku wani siririn abu ne, tambaya ɗaya tak a kowane shafi, sauran wurin fari fat. Malamar ta ɗora yatsa a kansa ta ce ita da shi ta fi so.

To ni tela ne. Shekara ashirin da shida ina taka keke, kuma ba a miƙo min abu in kasa murza shi tsakanin yatsu. Na murza siririn nan, na ɗaga shi sama na duba ta hasken taga. Na ce, "Malama, wannan ai ba shi da jiki. Wanki biyu ya gama." Na ɗaga na aji shida, na ji da ɗan dama-dama. Sai idona ya kai kan wani jibgege a saman kantar littattafai.

"Wancan fa?"

"Wancan na 'yan sakandare ne masu shirin fita."

"Shi nake so."

Ta cire tabarau ta dube ni. Ni kuwa na yi mata karatun da nake yi wa duk uwar da ta kawo min ɗinkin yaro: ba a yanka wa yaro kaya daidai jikinsa. Yau ka auna shi, gobe ya wuce awon. Sai ka sakar masa rara, ka kalmashe ƙafar wando, ya girma a ciki. Yarinyar da ta cinye littafi biyu a zango ɗaya, in aka ba ta na aji shida ai kafin hutu mun dawo nan. Malamar ta yi magana, na yi magana, kuma na fi ta murya. Daga ƙarshe ta ce mu gwada mako ɗaya.

Na rungumo shi har shago. Auta na dawowa daga makaranta na share mata gefen teburin yanka, na dire mata shi, ƙurar alli ta tashi. Idonta ya yi haske. Ta buɗe shafin farko da murna, ta buɗe na biyu, sannan murnar ta ɓace.

Na leƙa. Haruffa na gani sun shigo cikin lissafi suna ta hawa kan juna, wani ƙaramin biyu ya ɗare kafaɗar wani. Na ce mata ta yi a hankali, sabon abu dole ya ɗan yi tauri.

Kwana uku tana zama gaban littafin nan. Ranar ta uku ƙanen matata ya biyo ta shago, wanda yara ke kira Kawu Injiniya saboda yana gyaran fanka. Ya naɗe hannun riga ya ce a ba shi wuri. Tambayar a kan shekarun wani uba da ɗansa ce. Ya cika min bayan takardar awo guda biyu da rubutu, ya fito da amsa cewa ɗan ya girmi uban da shekara tara. Na ce ya sake dubawa. Ya ce lissafin zamani haka yake, ya tuna yana da fanka a buɗe, ya fice.

Na yi dariya har da riƙe ciki, na waiga in ga ko Auta na yi. Ba ta yi. Ta rufe littafin a hankali ta ce, "Baba, ashe ni daƙiƙiya ce. Littattafan baya ne masu sauƙi."

Ba kuka ta yi ba, da ma kukan ne da ya fi min sauƙi. Tsoro ya kama ni sosai, irin wanda ban ji ba ko ranar da na yanka yadin amarya a karkace.

Da na kai maganar gida, Maman yara ta miƙe. Ta shiga ɗaki ta jawo tsohuwar akwatin kayan yara, ta fara zazzage su a gabana. Wandon babban ɗanmu: gwiwa ta huje, kalmasar ƙafa tana nan yadda na ɗinke ta. Rigar mai bi masa: ta koɗe, hannun har yanzu a naɗe ninki uku. Siket ɗin Auta na bara, da allurar da aka riƙa kama ƙugun da ita.

"Nuna min guda ɗaya da ka taɓa warware wa kalmasa," ta ce. "Ɗaya tak. Yaran nan ba wanda ya taɓa girma a cikin kayanka, Baban yara. Kafin su kai, kayan sun mutu. Haka suka yi ta yawo kamar an rataye riga a ƙusa, muka yi shiru don kar ranka ya ɓaci."

Na tattara kayan na mayar cikin akwatin. Na rufe.

Washegari na mayar da jibgegen, kuma wannan karon da Auta na tafi. Malamar, Allah ya saka mata, ba ta ce ai na gaya maka ba, ko da yake tabaraunta ya faɗa. Ta buɗe siririn littafin ta tura wa Auta. Tambayar ita ce: mutum goma sun haɗu, kowa ya gaisa da kowa hannu da hannu sau ɗaya, gaisuwa nawa aka yi?

Auta ta kalle shi a tsorace, ta ce a hankali, "Ɗari?"

"A'a. Tafi da shi gida."

Na zaci wannan a'a ɗin zai sake karya mata gwiwa. Amma a hanya na ji tana motsa baki.

Ranar shagona ya koma wurin sulhu. Duk wanda ya shigo karɓar ɗinki sai Auta ta tsayar da shi ya gaisa da na kusa da shi, tana ja da alli a kan teburina. Har wasu maƙwabta biyu da suka shekara ba sa magana ta sa suka yi musabaha, suna hararar juna. Ta samu casa'in, washegari ta kai wa malama.

Da rana na jiyo gudunta tun daga bakin layi. Ta faɗo shagon, jaka na lilo.

"Baba, na faɗi! Ba casa'in ba ne! Malama ta ce akwai abin da na ƙirga fiye da kima, kuma ta ƙi gaya min!"

Tana faɗa tana dariya, duk haƙoran da suka rage mata a waje. Na ji wani daɗi ya cika min ƙirji har na cire ƙafa daga kan keke.

"Kawo hannunka," ta ce. Na miƙa, ta kama. "Na gaisa da kai. Kai ka gaisa da ni?"

"Na gaisa."

"Nawa ke nan?"

"Biyu mana," na ce da ƙarfin gwiwa.

Ta tsura wa hannuwanmu ido, ta daɗe ba ta saki ba. Sai ta ɗago a hankali.

"Baba," ta ce, "kai ma ka faɗi."

Ta fizge hannunta ta ruga neman alli.