Sunan da Tiwalade Ta Hana

Al'adar masu gyaran kanel, wato zuciyar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, ita ce mutum ya nemi wani ya duba gyaransa, ya sa sunansa a ƙasa shaida. Lauwali sunan Tiwalade yake so a ƙarƙashin gyaransa, ita kuwa ta ƙi.

Shi ya koya mata aikin a shagonsa na Bagudo, tun tana taya uwarta sayar da magani. Wannan gyara na sashen sadarwa shi ne na farko da zai shigar da sunansa cikin kanel. Da ta karanta, sai wani wuri ya tsaya mata a rai. Idan layi ya yanke ana tsakiyar aika saƙo, gyaran yakan saki gurbin da aka ajiye saƙon a memori, wato ma'ajiyar kwamfuta, sannan ya dawo ya karanta gurbin. Kamar ɗan kasuwar Lolo da ya tashi daga rumfa, wani ya baza kayansa, shi kuma ya dawo yana ɗiba.

Lauwali ya ce ya gwada har ya gaji, kwamfutar ko gezau ba ta yi ba. Ta ce ai a Bagudo ya gwada, inda layi ke zaune lafiya. Ta ce ya je ya gwada a Dole Kaina, inda waya ke tsalle tsakanin layin Najeriya da na Benin. Ya tambaye ta ko ta taɓa ganin ɓarnar da idonta. Ba ta gani ba. Zato ne, ta kuma san zato ne, shi ya sa abin ke cin ta.

"To, kan zato za ki hana ni, ɗiyar Ademola?"

"Yaya Lauwali, in na sa sunana, na ce na duba ban ga komi ba ke nan. Ni kuwa na ga wani abu."

Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ya ce zai samu wani a ƙasar waje ya sa masa, wanda bai taɓa jin sunan Dole Kaina ba. Ta ce ya nema, amma za ta rubuta zatonta a ƙarƙashin gyaran inda kowa zai karanta. In ita ce ta yi kuskure, duniya ta gani.

Ya miƙa hannu, ya ce ta ba shi makullin shago. Ta cire shi daga jaka ta ajiye a tebur. A bakin titi, tana jiran ɗan acaɓa, ta rubuta zaton nata a ƙarƙashin gyaran da wayarta, ta tura.