Gaban Faifai da Bayansa

Ranar da na dawo daga karatun haɗa magunguna a Kanada, Baba bai tambaye ni hanya ba. Ya dube ni daga kujerarsa ya ce, "Odell ya mutu. Gobe za ki kai ni coci."

Kowa a garinmu na Mississippi ya san labarin. A 1956 Baba, Lemuel Gaither, da abokinsa Odell Purvis suka hau motar auduga zuwa Memphis don su ɗauki faifai. Waƙar Baba ce ta kai su, "Ruwan Kogi Ya Janye". Waƙa ce mai sanyi, ya daɗe yana gyara ta. Da suka gama, mai ɗakin ɗaukar sauti ya ce faifai fuska biyu gare shi, su ba shi ko mene ne na cika baya. Odell ya hau dukan fiyano yana ihu a kan alfadarin kawunsa da ya ƙi tafiya. Baba ya bi shi da jita yana dariya. Sau ɗaya aka ɗauka.

Wani mai gabatar da shiri a rediyo ya saurari gaban, ya yi hamma, ya juya faifan. Shi ke nan. "Alfadari Ya Ƙi Gaba" ta shiga kowane akwatin waƙa da ake jefa wa sulalla, daga nan har Chicago. Fastoci suka la'ance ta, yaran Turawa suka saye ta a ɓoye. Aka kira ta rok an rol, aka sa ta a tallan taya. A Kanada ma na ji ta a wani kantin takalma, ban ce wa kowa jitar ubana ce ba.

Baba ya koma aikin injin gurzar auduga. Nasa faifan ya karya shi tun ina goye. In waƙar ta taso a rediyo, sai ya fita duba kaji.

A mota ya gaya mini abin da yake so.

"In an zauna cin abinci, za ki karɓo faifan a wurin Vernice, matar Odell. A sa gaban. Garin nan su ji shi sau ɗaya kafin su binne ni."

"Baba, jana'izar mutum ce."

"Shi ya binne tawa waƙar da ranta. Kin ji na yi magana?"

Ba zai iya rerawa da kansa ba. Taba ta cinye muryar, sanyin ƙashi ya lanƙwashe yatsun.

"In faifan ya lalace fa?"

"Wa ya taɓa sa masa allura a gaba? Duk faifan da ke ƙasar nan gabansa sabo ne fil. Amfanin rashin farin jini ke nan."

Bayan an dawo daga maƙabarta aka cika zauren coci. Soyayyiyar tarwaɗa, burodin masara, dafaffen ganye. Dattijon coci Ezell ya hango mu.

"A'a, ga mai gaban faifai! Lemuel, ruwan kogin ya janye kuwa, ko har yanzu muna jira?"

"Ezell, ci kifinka. Haƙoran ma na aro ne, kar ka wahalar da su."

Na sami Anti Vernice, matar marigayin, tana yanka kek. Na faɗa mata saƙon. Ta tsaya da wuƙar a hannu.

"Gaban yake so?"

"Shi ya ce."

"To, Likita, ni ba ruwana." Ta aika gida aka ɗauko.

Aka jawo na'urar faifan makarantar Lahadi. Baba ya miƙe da sandarsa, ya gyara kwat, ya ce wa jama'a yau za su ji waƙar da aka je Memphis dominta. Zauren ya yi tsit. Na zaro faifan daga jakarsa. Gaban ya yi fari-fari kamar an goge shi da toka. Na sa allura.

Shuuu kawai ake ji, kamar ruwan sama a kan kwano. Can ƙasa wata murya tana ƙoƙarin fitowa, ta kasa. Baba ya kara kunne. Wani jariri ya fara kuka.

"Me aka yi masa?" in ji Baba.

"Ba a yi masa komai ba, Lemuel," in ji Anti Vernice. "Kowace safiya sai Odell ya sa shi kafin ya sha kofi. Wannan ne na ƙarshe, sauran duk haka ya cinye su. Na ce masa, bawan Allah, ka je ka gaya wa mutumin mana. Ya ce in ya faɗa, kanka ba zai shiga ƙofar cocin nan ba."

Ba wanda ya yi dariya. Allura ta ci gaba da shuuu. Sai Ezell ya ce daga baya, "'Yata, juya shi mana, kifi yana hucewa."

Na dubi Baba. Na juya faifan.

Bayan baƙi wuluk yake, yana ƙyalli, allura ba ta taɓa hawansa ba. Fiyano ta faso zauren. Tsofaffin mata suka ture kujeru, fasto yana kaɗa ƙafa a ƙarƙashin tebur. Baba ya tsaya a tsakiyarsu bai motsa ba har alfadarin ya gama ƙin tafiya.

A mota, muna wuce gada, Baba ya soma.

"Kin gani ko? Ya san tawa ta fi. Shekara da shekaru ana kiransa gidan rediyo, bai taɓa faɗa ba."

"Ya so waƙar, Baba."

"Ya cinye ta shi kaɗai. Tasa kuma ya bar wa duniya sabuwa." Ya juya fuska ga taga. "Da gangan ya yi."