Jemimah Mai Riga Uku

Shekarar nan da mutanen Michika da Madagali suka cika Yola, kowa da ƙunshinsa a ka, ita ce shekarar da ofishin ilimi ya ga damar tashi da aiki. Aka tara shugabannin firamare aka ce za a zo a gwada yara karatu. Duk makarantar da ta kasa, shugabanta ya ɗaure kayansa, za a tura shi inda mota ba ta zuwa da damina.

Madam Fibi, shugabar wata firamare a Damare, a gwiwa ta ji maganar nan. Gwiwar ce ma damuwar, don duk wata sai ta ga likita a Jimeta, ga ritaya ta kusa. Yanzu kuma a ce bayan dutse? Ajinta na shida kuwa, rabi 'yan gudun hijira ne da suka daɗe ba su ga allo ba. Ɗaya rabin kullum suna ganin allon, iyakarta ke nan.

Amma tana da Jemimah. Wata siririyar yarinya ce daga Michika, ubanta mai wa'azi ne, a gida ta koyi karatu. In ta buɗe littafi sai ka ce rediyo. Kuma kowa ya san halin mai duba makarantun, Hajiya Zulaihatu: ƙafa ke damunta, saboda haka kujera take nema ta ce a fito mata da yaro ɗaya ya karanta.

To, ka san mutanenmu, ba a barin maƙwabci cikin kunya. Tukunya ma ana ara ranar biki. Malam Ya'u, shugaban wata makaranta a Vinikilang, shi ya fara zuwa.

"Adda Fibi, yarinyar nan taki fa. Yini ɗaya, in dawo miki da ita ko ƙura babu."

"Naka yaran ina ka kai su?"

"Suna nan. Shi ne ai matsalar."

Ta ba shi. Ranar Litinin Jemimah ta sa koriyar riga ta yi wa Vinikilang karatu. Labari ya kai Damilu, sai ga shugaban makarantar can, Mista Abednego, da nasa roƙon, har da rigar aro a leda. Laraba ta yi musu. Madam Fibi ba ta damu ba, ta ce mace mai ganin yara ɗari a rana ina za ta riƙe fuska.

Juma'a aka iso Damare. An share fili, an yayyafa ruwa, an ajiye kujera mai taushi a aji shida. Hajiya ta zauna tana matsa idon sawu, ta ce a fito da yaro.

Nan fa gizo ke saƙa. Abu ɗaya da Madam Fibi ta koyar a makarantar nan ya zauna daram shi ne gaisuwa. Yaro ya wuce babba bai tambayi lafiyarsa ba, kunnensa zai gaya masa. Jemimah ta fito cikin shuɗiyar rigarta, ta durƙusa har ƙasa.

"Ina kwana, Mama. Yaya ƙafar? Shekaranjiya kin ce za ki gwada man kaɗanya."

Madam Fibi ta ɗaga kai tana nazarin kwanon rufi.

"Na gwada, da sauƙi," in ji Hajiya. "Ke kuma yaya kika baro Damilu?"

"Lafiya, Mama. Sai dai ba su da ruwan sha."

"Vinikilang fa?"

"Su rigarsu ƙaiƙayi take yi."

Hajiya ta juyo. "Madam, tarbiyya kam ba laifi." Ta ce wa yarinyar, "Zauna, 'yata, na ba ki maki sau biyu, ya isa haka." Sannan ta yi abin da ba a taɓa ganin ta yi ba: ta miƙe, ta ɗingisa har bencin baya, ta miƙa littafin ga wani Suhaib. Suhaib ya karanta kalmar farko, ya tsaya yana jiran ta biyu ta zo da kanta. Ba ta zo ba. Haka Hajiya ta bi bencin nan kaf, Madam Fibi na biye da ita da kujerar.

Da hukunci ya fito, ba a tura kowa bayan dutse ba, wai can ma yaran mutane ne. Aka dai juya su kamar waina: Ya'u ya tafi Damilu, Abednego ya zo Damare, Fibi ta koma Vinikilang. Aka ce a ƙarshen zango Hajiya za ta dawo, daga bencin baya za ta fara, kuma maganar bayan dutse tana nan.

Madam Fibi ta zaga sabuwar makarantarta tana neman mai karatu. Aka nuna mata koriyar rigar nan a rataye. Ta aika wa Abednego, ko zai taimaka da yarinyar, tun da dai alheri danƙo ne. Ya ce da gudu ma, sai dai hanya ta buɗe, Jemimah ta bi iyayenta Michika. Ta ce a gaida Madam, a tambaye ta gwiwa.

Madam Fibi ta ce ta amsa. Ta nemi alli, aka daɗe kafin a samo. Ta shiga aji shida, ta ce 'yan baya su dawo gaba.